Sai Halima Ta Sha

Badi'a: Salamu alaikum, Yaya Atika. Ina wuni?

Atika: Wa'alaikumus salam. Lafiya lau, Badi'a. Ya aiki?

Badi'a: Da godiya. Ya mutanen Dorayi? Ya Baban Sumayya?

Atika: Lafiya ƙalau. Kai, wannan ƙara fa? Ba na jin ki.

Badi'a: Injin buhu ne, kin san masana'antarmu ta Sharada. Bari in fito waje... Yauwa. Ya 'yar gidana Sumayya?

Atika: Da sauƙi.

Badi'a: Da sauƙi kuma?

Atika: Muna asibiti tun jiya. Sikilarta ce ta tashi, a makaranta ta yanke jiki ta faɗi.

Badi'a: Innalillahi! Shi ne ba wanda ya gaya min?

Atika: Saurara, katina kaɗan ne. Likita ya ce ba ruwa a jikinta. Ashe sati uku ke nan tana azumin Litinin da Alhamis a ɓoye. Ƙwayoyin maganinta kuwa a cikin rigar filo na tsince su, ko ɗaya ba ta sha ba.

Badi'a: Yarinya 'yar shekara sha huɗu? Wa ya sa ta?

Atika: Halima.

Badi'a: Wa? Halima ta maƙwabta?

Atika: Halimarki dai. Ta cikin labarin nan da kike tura wa 'yan mata a waya. Ba ita ce mai sikila ba? Ta watsar da magani, ta ce ta dogara ga Allah, ta kama azumi?

Badi'a: Wayyo Allah na... Yaya, wallahi saboda Sumayya na ƙirƙiro ta. So nake ta ga mai irin ciwonta a littafi, ta daina kukan ita kaɗai ce.

Atika: To ai ta gani. Kin tambayi wani malami kafin ki rubuta?

Badi'a: A'a. A hutun rabin awa nake rubutawa, a tsaye. Yara suna ta cewa imaninsu ya ƙaru, ni kuma kaina ya kumbura.

Atika: Ke da ulsa ta hana ki azumin nafila? Ƙwaya ba ta rabuwa da jakarki!

Badi'a: Haka ne. Kunya ta gama kama ni, wallahi.

Atika: Malamin Islamiyyarsu har gadonta ya zo. Ya ce mata shan magani ba ya kore tawakkali, mara lafiya ma ko azumin farilla an ɗauke masa. Kin san me ta ce? Wai Anti Badi'a ba za ta rubuta ƙarya ba.

Badi'a: Ki yafe min, Yaya. Ni na kwantar da ita.

Atika: Ba kuka na kira ki ki yi min ba. Ruwa an ɗaura mata, amma ta rufe baki gam, ta ce ba za ta sha ƙwaya ba sai Halima ta sha. Ki rubuta mana ta sha. Yau.

Badi'a: Yaya...

Atika: Hello? Kina ji na?

Badi'a: Na riga na tura babin ƙarshe. Da safe, a cikin Adaidaita.

Atika: Ta sha?

Badi'a: Warkewa ta yi sumul. Ba magani.

Atika: La'ilaha illallah! A wayata fa take karantawa. Ga ta nan ta farka, tana miƙo hannu.

Badi'a: Kar ki ba ta! A'a, tsaya... kara mata a kunne. Ni na yi ɓarnar, da bakina zan gaya mata.

Atika: Ungo, Antinki ce.

Sumayya: Anti, ina wuni? Halima ta warke, ko?

Badi'a: Sumayya, ki saurare ni da kyau. Ni ce na yi kus... Hello? Sumayya? Hello!