Wirachai a Kan Kujera

A ɗakin jira na tashar garin Khon Kaen, talabijin na maimaita gasar sunuka ta jiya. Wani saurayi ya juyo wurin tsohuwar da ke gefensa, ta rungume kwandon shinkafa.

"Gwaggo, kin ga abin kunya? Biyar da nema! Wirachai ya je har Ingila ya zama ɗan kallo. Bature na ta zuba ƙwallo a rami, namu na kan kujera yana kurɓar ruwa."

"Haka wasan yake, ɗan nan. In abokin karawarka bai kuskure ba, sai zama."

"Au, ashe kin san wasan! To in aka ƙara yi masa haka, cire shi za a yi daga sahun ƙwararru. Gara ya dawo ya kama noman rake."

"Ya rame," in ji tsohuwar. "Dubi wuyan rigarsa."

"Ana maganar ci, ke rama kike gani?"

"Ai ita uwa ke fara gani."

Saurayin ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ki yafe mini. Bakina ne."

"Ba komai. Ran da yake ci, ya sunkuya kan tebur, sanda da ƙwallo kawai suke nuna mini. Jiya da ya zauna, sai suka tsaya a kan fuskarsa. Rabona da in ƙare masa kallo haka tun ranar da muka ƙona gawar mahaifinsa bisa al'adarmu." Ta gyara kwandonta. "Matsa kaɗan, za su sake nuno shi."