Amsar Auta a Waya

A layin jiran mota, wata dattijuwa ta taɓo mutumin da ke gabanta.

"Ɗana, kana jin Turanci? Mene ne olmos?"

"Kusan ke nan, Mama."

"Autana ne ya je neman aiki. Na ce an ɗauke ka? Ya ce olmos, ya kashe waya. Ya kusa samu ke nan, ko ya kuɓuce masa da kaɗan?"

"Wallahi duka biyun tana nufi. Da wace murya ya faɗa?"

"Da dariya."

"Ai shi ke nan!"

"A'a, yaron nan ranar da ya karye ma dariya ya yi. Ga shi na riga na yi wa maƙwabta albishir."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Mama, ni ma amsar da nake ba tsohuwata ke nan tun bara."