Tagar Wasila

A tashar Ikara, wani saurayi rungume da sabuwar ragar taga ya dubi mutumin da ke gefensa.

"Malam, wai da gaske tana hana sauro?"

"Tana hanawa, ɗan'uwa. Matata Wasila ta taga take sayar da ƙuliƙuli. Na buga raga, ta yanke gefe don miƙa wa masu saye. Na zazzaga mata faɗa gaban maƙwabta, na sake bugawa. Tun farkon damina tana gidansu a Paki."

"Subhanallahi! Sauron fa?"

"Ko ɗaya. Ɗakin shiru, har kukansa nake marmari."

"Biko za ka ke nan?"

Mutumin ya zaro almakashi daga aljihu.

"In ta yarda ta dawo, ta yanka inda take so."