Gaisuwa da Hagu a Tashar Troy

Daren jiya ban runtsa ba: in karɓi aikin majefin ƙwallo a wata ƙungiyar wasan besbol, ko in ƙarasa karatun lauya? Da safe, a tashar jirgin ƙasa, na ji wani fasinja ya tare wani mutum.

"Ba kai ne Tackett ba, majefin besbol ɗin nan da jifansa ya fi na kowa fitar da masu bugun ƙwallo daga wasa? Kawo hannu, maigida!"

Tackett ya miƙa hagu.

"Hagu? Raini ne?"

"Damar ba ta ɗaguwa, ɗan'uwa. Kullum ni ke jifa, har ta lalace. Yanzu matata ke sa mini riga."

"Kaico! Kana nadama ke nan."

"Nadama? In ta warke yau, gobe ina fili!"

Na tashi na yanki tikitin garin da ƙungiyar take.