Manajan Da Ya Cika Jirgin Dawowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban majalisar gari, mai girma wakilin ma'aikatar sufuri, babanmu liman, wakilin kamfanin jirgi da ya taso takanas, shugabannin 'yan kasuwa maza da mata, ma'aikatan wannan filin jirgi tun daga na hasumiyar kula da jirage har zuwa masu shara da masu dako, Malama uwargidan marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa da jikokinsa, da sauran jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Sannunmu da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Na san da aka ce ni zan yi magana, wasu sun taɓe baki. Shugaban direbobin tasha, mutumin da jirgi ya ƙwace wa fasinja, shi za a miƙa wa lasifika a zauren jiran jirgi? Ni ma na tambayi Malama haka. Ta ce, "Shugaba, kai kuka fi yin faɗa da shi, kai za ka fi faɗin gaskiya." To ga ni. In na yi tsawo ku yi mini uzuri, direba bai iya gajeriyar hanya ba in hira ta yi daɗi.

Marigayi Manaja ya kasance maƙwabcina tun muna yara, ya kasance abokin gardamata har gashinmu ya yi fari. Ranar da aka ba shi riƙon wannan fili na je na yi masa murna, na ce, "Allah Ya sanya alheri, amma ka sani daga yau ni da kai kishiyoyi ne." Ya yi dariya ya ce, "Kai ka riƙe masu buhu, ni ka bar mini masu jaka." Lokacin filin nan kowa ya san yadda yake. Ciyawa ta kai gwiwa a gefen titin jirgi, agogon bangon can ya tsaya ba wanda ya damu, mai shayin bakin ƙofa ya fi yin ciniki da masu gadi fiye da matafiya. Jirgi ɗaya muke da shi, ƙarami, yana zuwa daga babban birni ya koma.

Sai muka kafa kwamiti, har da ni a ciki, aka ce a tallata fili don gari ya samu ci gaba. Muka yi talla kuwa har da gumi. Alluna a kowace mararraba, sanarwa a rediyo safe da yamma: ka karya kumallo a gida, ka ci abincin rana a babban birni. Jama'a suka amsa. Jirgi ya riƙa tashi cike, muna tsaye a bakin tagar nan muna tafi, muna cewa aiki ya yi kyau. Ba mu ga aibun komai ba, domin mu mutane ne da tun kakanni hanya a wurinmu ta fita ce. Mai kaya ya kai birni, mai ciwo ya tafi birni, yaron da ya yi karatu ya tafi birni ya zauna. Da aka ce mu yi talla, abin da muka iya muka tallata, wato tafiya.

Wata rana wakilin kamfani, ga shi nan zaune, ya tara mu a wannan zaure. Ya ce jirginsu yana tashi daga nan cike, amma yana zuwa nan kusan wayam, daga matuƙi sai ma'aikata sai mutum ƙalilan, kamfani kuma ba ya iya ɗaukar wannan asara. In damina ta wuce kujerun zuwa ba su cika ba, za su janye jirginsu. Ma'aikatar sufuri kuma ta riga ta faɗa, filin da babu jirgi rufe shi za a yi. Na dubi masu shara da masu dako da 'yan kwana-kwana da suka leƙo ta ƙofa suna saurare, na ga fuskokin mutanen da ke tunanin abin da za su gaya wa iyalinsu.

Washegari Manaja ya same ni a ofishin tasha, ya ja benci ya zauna ba tare da an ce masa bismillah ba.

Ya ce, "Shugaba, ka san abin da muka yi? Mun sa kuɗi mun koya wa mutanenmu yadda za su bar mu da sauri."

Na ce, "To yanzu sai me? Mu ɗaure su?"

Ya ce, "A'a. Mun yi tallan tafiya, yanzu tallan zuwa za mu yi. Wa zai zo garin nan, kuma don me? Wannan za mu nema."

Da hannunsa ya sauke allunan nan, yana kan tsani da babbar rigarsa, mutane na wucewa suna cewa Manaja ya taɓu.

Ya kasance mutum mai kunya a gidansa, amma a kan aikin filin nan ba shi da ita ko kaɗan. Kun san inda ya fara? Ɗakunan tsofaffi. Ya bi gida gida, duk inda aka ce akwai uwa ko uba da ɗansu ke zaune a birni ya daɗe bai zo ba, sai ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya zaro waya. Ina tare da shi ranar da muka je wurin Gwaggo mai ɗinki, wadda ɗanta likita ne a babban asibitin birni. Ya buga, ya ce, "Likita, Manajan filin jirgi ne, ga Gwaggo za ta gaisa da kai," ya miƙa mata.

Gwaggo ta karɓa ta ce, "Kai, ashe kana raye? Manaja ya ce daga ƙofar asibitinka zuwa ƙofar ɗakina bai kai lokacin da nake ɗinka riga ɗaya ba. To me ya riƙe ka?"

Muna jin muryar Likita yana cewa, "Aiki ne, Gwaggo, marasa lafiya sun yi yawa."

Ta ce, "Au, mu nan ba mu da marasa lafiya? Duwatsu ne mu?"

Ƙarshen makon nan Likita ya sauka a filin nan, yana ta sunkuyar da kai. Ya shiga asibitinmu don ya gaisa da ma'aikata, ya ga layi, bai fito ba sai la'asar. Tun daga nan kowane wata yana zuwa, har da abokan aikinsa, mutanen da a da sai sun sayar da akuya sun hau motata sun kwana a hanya, yanzu a nan ake duba su.

Labari ya bazu, tsofaffi suka fara aiko wa Manaja da kansu. Wasu har suka wuce gona da iri, ana miƙa musu waya sai su hau nishi da tari kamar yau za su cika. Ya hana. Ya ce wa wata, "Inna, ki ce kina kewarsa, ya isa. Ba na sayar da tikiti da ƙarya. In ya zo a firgice ya tarar da ke kina daka, ba zai sake yarda da ni ba, ke ma ba zai yarda da ke ba."

Ya kasance ba ya aike inda ƙafarsa za ta iya zuwa. Da ya gama da tsofaffi sai ya juya kan 'yan kasuwa. Ya cika jaka da zumar ƙauyukanmu, da takalman da masu aikin fatarmu ke yi, da hotunan kujerun kafintocinmu, ya nufi birni. Kuma a motata yake tafiya, jama'a! Manajan filin jirgi a kujerar baya, gwiwarsa a haƙarƙarin wani. Na ce, "Ba ka jin kunya?" Ya ce kujerar tafiya a jirgi ai tana da mai saye, ba zai tare ta ba. A birni ya bi shago shago yana buɗe jaka, yana cewa, "Wannan da kuke saye a hannu na uku, ku zo ku gani a hannun mai yi. Gani ya kori ji." Wasu suka kore shi, wasu suka ɗauka dillali ne. Wasu kuma suka zo. Suka kwana a masaukanmu, suka ci a gidajen abincinmu, suka yi shatar motocinmu zuwa ƙauyuka. Ni da na ɗauka jirgi zai kashe tasha, sai ga shi ina roƙon direbobi su bar wa juna lodi a ƙofar fili. Wannan kam ya yi ta yi mini gori a kai, kuma na haƙura, domin yana da gaskiya.

Ya kasance uba ga ma'aikatansa. Duk tsawon watannin nan bai taɓa ɓoye musu halin da ake ciki ba, bai kuma taɓa barin su ga tsoronsa ba. Ni na ga tsoron, don ni yake zuwa wa in abin ya cika masa ciki. Ya ce, "Shugaba, in aka rufe, da wane ido zan dubi mai shara?"

Damina tana tsaka ciwo ya kwantar da shi. Ko a gadon asibiti bai daina ba. Malama ta ƙwace wayarsa ta sa a jakarta, sai ya riƙa aron ta ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya shigo dubiya, kafin ya ce ya jiki, Manaja ya riga shi: "Jirgin yau da mutane?" Kujerun suna cika, amma ba kullum ba, kuma kamfani bai ce komai ba. Ya sha wahala a kwanakinsa na ƙarshe, waɗanda suka yi jinyarsa sun sani, har da rasuwar ta zo muka ce Allah Ya hutar da bawanSa. Sai dai ya tafi bai ji amsa ba.

Malama, ki yafe mini zan faɗi abin da kika ce da ni ranar da na zo miki gaisuwa. Kika dube ni kika ce, "Shugaba, wahalar banza ya yi ke nan?" Tun ranar tambayar nan take zaune a ƙirjina.

A makon ta'aziyya kun ga abin da ya faru. Jirgi ya riƙa sauka maƙil, 'ya'yan tsofaffin nan da ya yi ta kira, da 'yan kasuwar da ya bi shagunansu, duk suka zo gaisuwa. Mutane suna cewa shi ke nan, fili ya tsira. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, na ce kamfani ba yara ba ne, za su ce wannan cikar ta makoki ce, ba za ta ɗore ba. Jiya da hantsi wakilin kamfani ya zo ofishina. Ban bari ya zauna ba na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi mini kwana-kwana, kuma kada ku yi mana alfarma saboda mamaci. Ba zai so haka ba." Ya ce, "Shugaba, mun cire makon ta'aziyya daga lissafi gaba ɗaya. Ko ba shi, kujerun zuwa sun wuce abin da muka nema." Ya ce jirgi yana nan, kuma da shigowar rani za su ƙara wani. Ya ba ni izini in faɗa a nan, wakilin ma'aikatar sufuri ma ya tabbatar mini da safiyar nan cewa maganar rufewa ta mutu.

Wallahi da ya fita na zauna a bencina na yi ajiyar zuciyar da har yaran tasha suka leƙo. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya sauka.

To Malama, ga amsarki, a gaban shaidu. Bai yi wahalar banza ba. Ya gama aikinsa tun yana da rai, labarin ne kawai ya makara. Ki koma gida ki ci abinci, ki yi barci. Ku kuma 'ya'yansa, na san sau da yawa kun jira shi bai dawo da wuri ba, na san akwai ranakun da kuka ji kamar filin nan ya fi ku a wurinsa. Ba haka ba ne, ku yake fara ambata in muka zauna. Ku dubi mutanen da ke tsaye a bayan zauren nan da kayan aiki a jikinsu, gobe kowannensu zai tashi ya zo aiki, wannan gadonku ne. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe junanku, ƙofar gidana a buɗe take gare ku kamar yadda take ga mahaifinku.

Mai girma shugaban majalisa, hankalinmu ya kwanta, amma kada mu miƙe ƙafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya ɗauka shi kaɗai ya daɗe, yanzu sai mu raba a tsakaninmu. Duk wanda za a ba kujerarsa, a nemo mai ƙafa, ba mai son zaman ofis ba.

Muna godiya ga Likita da ma'aikatan jinya da suka tsaya a kansa, ga kamfani da ya yi mana adalci, ga iyayenmu tsofaffi da suka ba da muryoyinsu, da duk wanda ya baro nesa ya zo. Allah Ya jiƙan Manaja, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya karɓi wahalarsa a matsayin ibada. Allah Ya ba Malama da iyalinsa haƙuri mai kyau, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

'Yan'uwana direbobi, ku kam ba sai kun jira an tashi ba. Ku fita a hankali ku jera motoci a bakin ƙofa. Na hasumiya sun ce jirgi ya taso, kuma cike yake.

Wassalamu alaikum.