Ciwon bayan da ya kwantar da yayana

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Garwa. Yayana Bello mahauci ne. Ya daɗe yana kukan ciwon baya, muka zaci wahalar ɗaukar nama ce. Ranar wata Juma'a zai tashi ya tafi masallaci, sai ya ce, "Hadiza, ba na jin ƙafafuna." A asibiti likita ya ce kansar hanta ce ta bazu zuwa ƙashin bayansa, tana danne masa laka. Yanzu ko fitsari ba ya iya riƙewa, kuma wurin da ba ya ji kullum ƙara hawa yake, jiya ya kai cibiya. Shi kuwa tambayata yake yaushe zai koma kasuwa. Jama'a, ku ba ni shawara, in faɗa masa gaskiya ko in yi shiru?