Ubana Bai Taɓa Shan Giya Ba

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Baƙinmu na Dogon Daji da Jabo ba su san ni ba. Sunana Hannatu, ina koyarwa a makarantar firamare a Tambuwal. Amma a wannan majami'a ta Kebbe aka yi mini baftisma, kuma ni 'yar Bitrus ce, Bitrus mai ganga. Da gangan na ɗaga murya, domin an daɗe ba a ambaci sunan nan a ɗakin nan ba sai da raɗa.

Manya sun san shi. Gonarsa tana kan hanyar Fakku, ranar Lahadi kuwa ganga tana hannunsa. Idan mawaƙa suka fara jan waƙa kamar masu jin barci, harara ɗaya zai yi musu ya ƙara bugu, kowa ya wartsake. Wasu daga cikin iyayenmu mata da ke zaune a gaba sun sha wannan harara, ga su nan suna dariya.

Ya ɗan haura arba'in sai tafiyarsa ta canja. Yana tangaɗi, kafaɗarsa tana zabura, yatsunsa suna motsi kamar yana kaɗa gangar da ba ta nan. Magana ta fara sarƙe masa. Mutumin da bai iya faɗa ba ya koma mai saurin fushi. Kun san garinmu. Idan Kirista ya yi tangaɗi a hanyar kasuwa, ba mai tambayar lafiyarsa. An riga an gama magana, burkutu ce.

Dattawan ikilisiya suka kira shi. Ya ce bai sha ba, amma da harshe mai nauyi ya faɗa, sai musun nasa ya zama shaida a kansa. Aka sa shi ƙarƙashin horo, aka karɓe gangar, aka hana shi Jibin Ubangiji har sai ya tuba. To, yaya mutum zai tuba daga abin da bai yi ba? Bai fasa zuwa sujada ba. Yakan zauna a bencin baya, can kusa da ƙofa, ƙoƙon Jibi ya zo ya wuce shi.

Ni ce nake wanke masa riguna, ni nake kai masa tuwo. Ko sau ɗaya ban taɓa jin warin giya a jikinsa ba. Maƙwabcinmu na gona, Malam Garba, Allah ya saka masa, ya tare ni wata rana ya ce, "Ɗiyata, tun muna samari nika noma kusa da ubanki. Wanga mutum ba mashayi na ba, ciwo na. Ku kai shi asibiti." Muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Suka dube shi daga nesa, suka ba shi maganin ƙarin jini, suka ce ya rage sha.

Ya daɗe yana jinya. Ya rame, ko kunu sai ya shaƙe shi. Haka ya tafi, horon yana kansa. Na bar Kebbe da fushi a cikina. Ina zuwa sujada a Tambuwal, ina waƙa, amma duk ranar Jibin Ubangiji ba da daɗin rai nake karɓar gurasar ba.

Shekaru suka wuce. Sai ga yayana Yohanna, wanda ke gyaran babur a Jabo, sifana ta fara suɓuce masa daga hannu. Kafaɗarsa ta fara wannan zaburar da na sani. Masu kawo gyara suka janye, aka ce ya gaji kwalbar ubansa. Na ce wannan karon ba zan tsaya ina kallo ba. Ni da maigidana Markus muka sa shi a mota sai babban asibiti a Sakkwato.

Likitar da ta duba shi ta sa ya yi tafiya, ta sa ya fito da harshe ya riƙe, ya kasa. Sai ta juyo ta tambaye ni, "A gidanku wa ya taɓa irin wannan tafiya?"

Na ce Baba. Ta ce kafin shi fa? Sai na tuna da kakarmu, mahaifiyarsa, wadda aka ce iskoki ne suke sa ta rawa. Na tuna da gwaggonmu da aka mayar gida daga gidan miji, aka ce ta taɓu.

Likita ta ce, "Wannan cutar gado ce, ana kiranta Hantinton. Tana lalata ƙwaƙwalwa a hankali. Babu ruwanta da giya, babu ruwanta da iska."

Na ce, "Likita, ai mun yi gwajin jini kafin aure, dukanmu ba mu da sikila."

Ta yi murmushi ta ce hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kowane hali na jikinmu, in ji ta, ƙwayar halitta biyu muke ɗauke da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Sikila sai an haɗa marar kyau daga ɓangarorin biyu. Wannan kuwa mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa, ko da ɗayar lafiyayya ce. Duk ɗan da mai ita ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, kuma kowane ɗa da nasa rabon. Wanda bai ɗauka ba, zuriyarsa ta huta har abada.

Ni malama ce, tambaya ba ta yi mini wuya. Na ce, "In tana kisa haka, me ya hana ta ƙare tun zamanin kakanni?" Ta ce yawancin irinta masu rinjaye da kisa tun a ciki suke kashe ɗa, ko tun yana ƙarami, sai su mutu tare da shi. Wannan ita takan yi shiru har mutum ya yi aure ya hayayyafa, sannan ta fito. Har yanzu ba a samo maganin warkewa ba, sai na rage zaburar da kwantar da hankali.

'Yan'uwa, a bakin ƙofar asibitin nan na yi dariya ina hawaye. Ubana mai gaskiya ne! Amma kafin mu kai Tambuwal murnar ta koma ciki, domin na yi lissafi. Ni ma 'yar Bitrus ce, kuma ina da 'ya'ya.

Daga nan tsoro ya kama ni. Idan alli ya faɗi daga hannuna a aji, sai gabana ya faɗi tare da shi. Idan na yi tuntuɓe, sai in ce ta zo. Na daina waƙa. Ina kallon 'ya'yana suna cin abinci, ina tunanin wane ne a cikinsu. Markus ya gaji ya ce, "Hannatu, tun da na aure ki kike fasa kofuna, yau ne ya zama ciwo?" Ban yi dariya ba.

Wata Asabar da hantsi na hau babur na zo kabarin Baba. Na durƙusa, na yi wa Ubangiji magana ba ladabi. Na ce, "Ka ga abin da aka yi masa, ka yi shiru. Yanzu kuma ni?" Na yi kuka har na gaji. Sai hoton Baba a bencin baya ya zo mini. Jikinsa ya ƙi shi, jama'arsa sun ƙi shi, bai san ma sunan ciwonsa ba, amma duk Lahadi yana nan. Na ji a zuciyata Ubangiji yana tambayata, ashe ciwo kaɗai Bitrus yake da shi na gado? Bangaskiyarsa fa? Na tashi na kakkaɓe zanena. Tun daga ranar nake barci lafiya.

Ban koma gida ba sai da na biya gidan Baba Ayuba, wanda ya rage a cikin dattawan wancan lokaci. Na faɗa masa duk abin da likita ta ce. Sai ya ce, "Ɗiyata, abin da munka gani da ido shi munka bi. Ashe ba mu ga komi ba. Bitrus ya hi mu."

Lahadin da ta wuce kun ga abin da ya faru. Baba Ayuba ya miƙe da sandarsa, ya ce a gaban kowa an ɗage horon Bitrus. Da aka zo Jibi, hannun Yohanna ya kasa riƙe ƙoƙo. Tsohon nan da kansa ya tako har inda yake, ya tallafe masa kai, ya kai masa ƙoƙon baki. Kaɗan ya zube a rigarsa, ba wanda ya yi raɗa. Halleluya!

Za ku tambaya ko ni na tsira. Ban sani ba. Akwai gwaji, sai an aika jini nesa, ni da Markus muna addu'a a kai, kuma idan yara suka yi hankali za mu faɗa musu gaskiya duka. Abin da na sani shi ne Yesu ya fitar da ni daga fushi da tsoro, ya kuma wanke sunan ubana a ɗakin da aka ɓata shi. Na gode masa.

Ku dogara gare shi, ku kuma kai marasa lafiyarku asibiti kafin ku yanke musu hukunci. In wata rana kuka gan ni ina tangaɗi a hanyar kasuwa, kada ku sunkuyar da kai. Ku ce ga Hannatu 'yar Bitrus mai ganga, ku kama hannuna ku kawo ni nan, bencin gaba. Amin.